Keken Cefanen da Muka Haɗa da Baba

Shekarar da aka yi wa Baba aikin zuciya, da hannu nake jigilar cefanen gidanmu. Muna zaune a unguwar Levenshulme da ke Manchester, cikin irin gidajen nan na jan bulo da ke jere manne da juna. Mota ɗaya gare mu, maigidana ke fita da ita, don asibitin da yake aiki yana can bayan gari. Ni kuwa ban sami lasisi ba tukuna, na je gwaji an ce in sake shiri in dawo. Saboda haka duk abin da za a ci a gidan, daga shinkafa har madarar yara, a yatsuna yake zuwa daga shagunan Stockport Road. In na iso gida sai na jima ina murza hannu kafin shatin leda ya baje.

Daga Zariya Baba ya zo, ni da Yayana da ke Birmingham muka haɗu muka kawo shi. Aka yi aiki lafiya, aka sallame shi, aka ce ya huta, kada ya ɗauki abu mai nauyi. Muka yanke cewa ya fara zama wurina tunda nan ne kusa da likitocinsa, in ya ji ƙarfi ya koma wurin Yaya a unguwar Lozells ya yi sauran hutunsa kafin ya tafi gida.

Baban da na sani ba mazauni ba ne. Malamin gona ne, ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka a kan keke da buhun iri a baya, bayan ya ajiye aiki ma kullum za ka same shi yana kwance wani abu ko yana ɗaurawa. A gidana kuwa sai ya sami kujera kusa da taga ya zauna. Nan zai wuni da carbi a hannu yana kallon ruwan sama. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. In na tambaye shi jiki ya ce, “Lafiya lau, Uwata.” Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Na kira Mama a waya can Zariya na gaya mata damuwata. Ta ce, “Ba ciwon ba ne yake cin sa, zaman ne. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya wuni hannunsa fes ba.” Na ji maganarta, amma ban san abin da zan ba mutum mai ɗinki a ƙirji ya yi a gidan da ko kaza babu ba.

Keken ba don shi na saya ba, don yatsuna na saya. Wata ɗaliba ce ta gama jami’a a Salford za ta koma ƙasarsu, ta sa shi a kasuwa a kan kuɗin da bai kai cefanen mako ba. Na hau tram, jirgin ƙasa na cikin gari, na je na same ta. Keke ne shuɗi, fentinsa ya koɗe, tayoyinsa sirara, sarƙarsa ta yi ja da tsatsa. Sai da na biya na turo shi tasha sannan na tarar ba a shiga tram da keke. Rabona da hawa tun ina firamare. Na tsaya bakin wani ruwa da ke kusa da tashar ina duban hagu da dama ko akwai Bahaushen da zai gan ni, na tattare abayata na ɗaure a ƙugu tunda da wando a ciki, na yi bismillah na hau. Farko kan keken ya yi ta rawa, daga baya ƙafafuna suka tuna. Inda motoci suka yi yawa in sauka in tura, inda hanya ta sarara in hau, har na iso gida.

Da na shigo da shi soro, sai na ji takun Baba a bayana. Ran nan ne karon farko da ya taso daga kujerar ba don salla ko banɗaki ba. Ya tsaya ya ƙare wa keken kallo.

“Ina kariyarsa ta ɗora kaya?”

“Ba shi da ita, Baba.”

“Madigadi fa? A garin da ruwa ba ya ɗaukewa?”

“Shi ma babu.”

Ya danna taya da babban yatsa. Ya ce in ɗaga bayan, ya juya feda yana sauraro kamar likita. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen tsakiya da farce. “Ƙashinsa dai mai kyau ne,” ya ce. “Amma wannan ai keken shan iska ne.” Ya koma kujerarsa.

Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Na riƙa rataya ledoji a kan keken, hagu da dama, ina tafiya a hankali. Wata rana na cika su fiye da kima, na zo kwanar layinmu, ledar da ke ɗauke da galan ɗin manja ta lilo ta shiga wayoyin tayar gaba. Sai gani na a ƙasa. Tumatir da albasa suka watsu har ƙarƙashin motocin mutane. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai, ya fito da silifas yana taya ni tsinta. Tafin hannuna ya kurje, gwiwata na jini, amma abin da ya fi damuna shi ne da na ɗaga kai na ga Baba tsaye a taga.

Washegari bayan karin kumallo ya ce, “Uwata, akwai sufana a gidan nan?”

Babu. Maigidana ko ƙwan fitila ya mutu sai ya nemi wanda zai kira. Tsohon Baturen ne ya ba mu aron akwatin kayan aikinsa, ya ce mu riƙe har mu gama, ya daɗe bai buɗe shi ba.

Bayan gidan akwai ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, inda muke ajiye mazuban shara. Nan muka kafa gareji. Na fito masa da kujerar kicin, ya sa rigar sanyi a kan jamfarsa, na lulluɓa masa bargo a ƙafa. Ya ɗauki sufana ya gwada noti ɗaya, na ga ya yamutsa fuska ya dafe ƙirji. Ya miƙo min.

“Ke za ki yi. Ni nawa faɗa ne.”

Muna yara, in Baba zai yi gyaran keke Yaya da ƙannena maza yake kira. Nawa aikin bai wuce in kawo ruwa a kwano a tsoma tiyub a nemo huji ba, daga nan a ce in koma wurin Mama. Yanzu ga ni da ’ya’yana ina durƙushe gabansa yana koya min yadda ake kwance gargare. Bai iya koyarwa a hankali ba. “Ba can ba. Hagu. Ɗaya hagun.” In na matse noti ya zarce ya ce ƙarfe ma yana son lallashi. Muka jiƙa sarƙa a mai muka goge da tsohon buroshin haƙori, muka canza robobin birki, muka sa tayoyi masu faɗi. Ya sa na ɗaga kan keken sama, ya ce mace da girmanta ba za ta bi titi a duƙe kamar mai shara ba. Ya sa na yanka galan ɗin da ya kayar da ni, muka ƙara wa madigadi tsawo da shi don kada ruwan titi ya feso min. Don abayata kuma ya sa muka yi wa sarƙa murfi, muka ɗaura raga a gefen tayar baya.

Kariya ce ta fi cin lokaci. Wadda na sayo ya juya ta a hannu ya ce ko zakara aka ɗora mata sai ta lanƙwashe. Maƙwabcinmu, wanda ya fara leƙowa ta kan katanga da kofin shayinsa, ya shiga ya fito da ƙarafan wani tsohon gado. Na yanka su da zarto, hannuna har ya yi ƙanta, muka tokare kariyar da su ta kowane gefe. Turancin Baba na littafi ne, na tsohon kuwa na Manchester ne mai haɗiye rabin kalma, ba kullum suke fahimtar juna ba, amma in ɗaya ya nuna ƙarfe sai ɗayan ya gyaɗa kai.

Sai maganar inda za a zuba kaya. Baba ya ce nauyi ƙasa yake so, duk wanda ya tula kaya sama shi da faɗuwa ne. Akwati biyu yake so, ɗaya kowane gefe, su sauko kusa da tsakiyar taya. Na ce akwai irin akwatunan roba da ake kawo kayan miya a shagon da nake cefane, zan roƙo. Ya ce sai ya gani da idonsa, kada in ɗauko wanda bai dace ba.

Haka ya yi doguwar tafiyarsa ta farko. Muka bi Stockport Road a hankali, yana tsayawa yana hutawa jikin allon tashar bas. Mai shagon mutumin Kumasi ne, Hausa ce harshensa. Da ya ga dattijo da hular Hausa sai ya fito daga bayan kanta ya rusuna ya gaishe shi, ya kawo masa kujera. Suka yi ta hira kan doya da goro da yadda ake noman kowanne, ni ina tsaye da igiyar awo an manta da ni. A hanyar dawowa Baba yana ta murmushi shi kaɗai.

“Kin ji Hausarsa? Wai ’yarka ya zo jiya ya sayi gari. Su mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsu.” Ya gyara zaman hularsa. “Mutumin kirki ne. Jibi zan dawo.”

Ran nan da yamma ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Da muka ɗaura akwatunan na hau gwaji, dunduniyata na bugun su duk juyi. Muka kwance muka ja da su baya. Sai gaban ya yi sakayau, in na ɗora buhu keken ya nemi ɗaga kai. Muka sa kwando a gaba ya daidaita. Muka yanka tsohon tiyub siri-siri ya zama robar ɗauri, irin wadda kowane mai keke yake da ita a gida. Muka sa masa jak mai ƙafa biyu don ya tsaya da kansa in ana lodi. Ran da na dawo da cefanen mako gaba ɗaya, har da ƙaramin buhun shinkafa, hannuwana ba su riƙe komai ba sai kan keke, Baba na bakin ƙofa yana jira. Bai yaba ba. Ya zaga ya taɓa kowane noti, ya ce, “Saura amalanke.”

Maƙwabcinmu ya riga ya ba shi tayoyin keken jikarsa da ta girma. Nufin Baba ya haɗa ’yar amalanke da keken zai riƙa ja. Ana cikin haka lokacin komawarsa Birmingham ya yi, Yaya ya zo ɗaukarsa. Baba ya ce shi ba inda za shi sai an gama aiki.

Yaya injiniya ne, mutum ne mai tsari, ya riga ya gyara ɗaki, matarsa ta yi ta shiri. Na ga ransa bai so ba. Ya ce, “Baba, in dai cefane ne ai sai ta yi order a kawo mata har ƙofa. Ni zan riƙa biyan delivery ɗin. Ga likita ma ya ce ka huta.” Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na ja Yaya kicin. Na ce ya duba fuskar Baba da kyau, ya tuna yadda ya bar shi wancan zuwan. Na gaya masa yanzu yana cin abinci, yana fita, har aboki ya yi.

“Na gani,” ya ce. “Amma ni ma ɗansa ne. Tun da ya zo ƙasar nan bai kwana gidana ba.”

Ya jingina da firji. Can ya tambaye ni me ya rage a aikin. Na ce walda, da ƙarfen da zai haɗa amalanken da keken. Ya ce akwai wani abokinsa mai gareji a bayan layinsu da ke da injin walda. Ya fita falo ya ce, “Baba, in muka tafi da keken fa?”

Haka aka kwantar da kujerun baya na motar Yaya, aka cusa kekena da tayoyi da ƙarafan gado, Baba ya shiga gaba da akwatin kayan aiki a cinya, bayan ya sa na nemo masa izinin mai shi. Suka tafi suka bar ni a ƙofa. Na koma ɗaukar cefane da hannu, maigidana yana min dariya wai an yi min sakiyar da ba ruwa.

Da na sami sarari na hau jirgin ƙasa na je duba su. Na same su a bayan gida suna musu. Baba ya ɗaure amalanken da keken da robar tiyub, yadda ya ga ana yi a ƙauye. Yaya ya ce in aka sha kwana da kaya za ta kifar da mai tuƙi, ya zana wani mahaɗi mai juyawa ta kowane ɓangare, abokinsa ya ƙera. Kowa ya kafe a kan nasa. Matar Yaya ta raɗa min cewa kullum haka suke tun daga dawowarsa aiki har magariba, kuma ba ta taɓa ganin mijinta cikin nishaɗi irin haka ba.

Ni aka sa gwaji, tunda keken nawa ne. Aka ɗora jarkokin ruwa. Da na Baba, ina shan kwana a ƙarshen layi amalanken ta fizge ni, da ƙyar na kafa ƙafa. Aka kwance aka sa na Yaya. Na sha kwana hagu, na sha dama, tana bi na kamar ’yar akuya. Baba ya duƙa ya daɗe yana jujjuya mahaɗin da yatsa.

“Naka ya fi,” ya ce. “Ashe ba yawo ka je yi makaranta ba.”

Yaya ya juya yana tattara sufanu, amma na ga kunnuwansa sun motsa irin na mai ɓoye murmushi.

A wannan zuwan ne Baba ya gaya mana cewa likita ya duba shi ya ce ƙashin ƙirjin ya haɗe, zai iya motsa jiki. Bai ce yana son hawa ba, sai dai ya tambaya ko akwai wurin da ba motoci. Washegari da hantsi muka tura keken zuwa wani filin shaƙatawa mai tafki da ke kusa da Lozells. Rana ta ɗan fito, ganyaye sun fara zuba. Yaya ya sauke masa sirdi, ya riƙe kariya. Baba ya ce ya saki, kuma a ɗora wani abu a amalanken, shi keke ba kaya ba ya masa daɗin tuƙi. Muka zuba jakunkunanmu da kular abinci.

Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora ƙafa ɗaya a feda, ya tura sau biyu sannan ya wurga ɗayar ta baya, irin hawan mutanen da. Yaya ya bi shi da gudu kaɗan, ya ga ba amfani ya tsaya. Muka tsaya muna kallonsa ya miƙe zaune tsaf, jamfarsa na kaɗawa ta ƙarƙashin rigar sanyi, ya zaga bayan tafkin itatuwa suka rufe shi. Ban ɗauke ido daga wurin ba har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya wuce mu bai tsaya ba, ya kaɗa ƙararrawa, ya sake zagayawa.

Da ya sauka yana haki, idanunsa sun kawo ruwa, ya ce iska ce. Muka zauna a benci na zuba masa shayi. Ya sha rabi sannan ya ce, “Uwata, in kin koma ki kira mamanku. Ki ce kada ta bari a ba da hayar fadamar nan bana. Ni zan yi ta.”

Kafin sanyi ya kankama ya koma gida. Yaya ya dawo min da keken da amalanken har Manchester, da akwatin kayan aikin tsohon maƙwabcinmu, kowace sufana an goge ta an shafa mata mai.

Na yi shekaru ina morar keken nan. Da azumi shi ke kai tukwanen buɗa-baki masallaci. Da layya shi ke ɗauko nama. Na kai tsohuwar katifa wurin zubar da kaya na council, wato hukumar gari, a amalanken, na ɗauko wa wata baiwar Allah da ta kama sabon gida teburi da kujeru. Wasu daga cikin matan abokan maigidana sun yi ta magana, wai matar likita da jan amalanke a titi, har ɗaya ta kira shi gefe ta tambaya ko lafiya. Daga baya biyu daga cikinsu suka riƙa bugo min waya in za ni cefane. Na sami lasisi, muka ƙara mota, amma a Stockport Road neman wurin ajiye ta ya fi cefanen wahala, sai na ci gaba da hawan abina. Duk sanda muka yi waya da Baba, bayan ya tambayi yara da maigida, sai ya tambayi sarƙa ko ina sa mata mai.

Shekarar da aikin maigidana ya mai da mu Birmingham ne ƙarfen keken ya tsage, daidai ƙasan sirdi. Abokin Yaya mai walda ya duba ya ce ko an liƙa ba zai ƙara ɗaukar kaya ba. Na kira Baba na gaya masa. Ya tambayi daidai inda ya tsage, na kwatanta masa. Ya ce, “Nan ne dama. To, ya yi ƙoƙari.” Sai ya shiga ba ni labarin albasar da ya samu a fadama, da yadda ’yan kasuwa suka zo har gona.

Da daminar da ta biyo baya Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya da ba ta shafi zuciyar ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Amalanken tana nan gidan Yaya. Matarsa ta sami ɗan filin lambu daga council, Yaya ya yi wa amalanken mariƙi tana jan ta da hannu, tana kai taki tana dawowa da alayyafo da kabewa. Bana ma ta gwada yakuwa, ba ta yi ba, sanyi ya yi mata yawa.